Kurmin da Bai Bushe Ba

Juma'a, 15 ga Mayu, 1953, bayan shan ruwa

Malamin ajinmu na yaƙi da jahilci ya ce duk mai son hannunsa ya faɗa da boko ya riƙa rubuta abin da ya gani kullum, ko layi ɗaya ne. Ni Hambali tela abin da nake gani kullum allura ce da wuyan riga, shi ya sa littafin nan ya daɗe a ƙarƙashin keke babu komai a cikinsa. Yau dai na ga abin rubutawa.

Da la'asar sakaliya Nwabueze ya shigo zaurenmu na Fagge ɗauke da katako a ka, faɗinsa ya kusa ƙyauren ɗaki, yana tafe yana korar mutane daga hanya kamar ya ɗauko ƙwai. Nwabueze mai fenti ne a Sabon Gari, shi yake yi wa manyan motoci ado, shi ya rubuta allon shagona. Mun saba tun ranar da ya zana mini almakashi mai kama da ƙafar kaza, na ce ya gyara, ya ce idona ne ke buƙatar gyara. Ƙafar kazar tana nan har yau.

Ya jingine katakon a bango, ya ja baya, ya ce in duba.

Kurmi ne. Ni iyakata kudu Zariya, ban taɓa ganin daji irin wannan ba. Itatuwa sun miƙe sun haɗe kai, sama ba ta leƙowa sai ta ɗan tsagi. Ni da nake wuni cikin yadi na ɗauka na san kore, ashe ban sani ba. Akwai kore shar irin na ganyen albasa, akwai mai duhu kamar an tsoma shi a rini, akwai mai ɗaukar rawaya. Jikin itatuwan kuwa wani shunayya, wani jawur. Na ce ina aka taɓa ganin jan itace haka? Ya ce, "In rana ta faɗo ta tsakanin ganye da safe, haka yake a idona. Kai dai ɗinka rigarka." Bai shafa fentin da buroshi irin na allo ba, lafta shi ya yi da bakin wuƙa, tudu-tudu, har hannun mutum ya riƙa ƙaiƙayin taɓawa. A tsakiya wata siririyar hanya ce ta jar ƙasa ta nutsa ciki, rafi yana bin ta ta hannun hagu.

"Hanyar fita garinmu ke nan," in ji shi. "Haka na gan ta ranar da muka taho ni da Obiageli."

Matarsa ke nan. Tun da ta zo Kano take cewa idonta yana ƙishirwar ganye. Ita ya yi wa hoton, ba ta sani ba. A bayan garejin da yake aiki ya ɓoye ya yi shi, yanzu mai gareji yana son wurinsa, ɗakinsu kuwa guda ne ga hayaƙin girki.

Baba Goni, ƙanin mahaifina, ya fito da carbi a hannu ya ce, "Hoto? A zauren da nake karatu?" Ya sa tabarau, ya bi katakon ganye-ganye yana neman abu mai rai. Nwabueze ya ce, "Baba, ko tsuntsu ban sa ba. Na san gidan da zan kawo shi." Baba Goni ya ce to, itace dai itace ne, a bar shi. Amma bai koma ciki ba, yana tsaye yana kallo har ladan ya kira.

Kafin nan Nwabueze ya kama hannuna ya ce, "Hambali, fentin mai ne, kuma na lafta shi da kauri. Sama zai yi kamar ya bushe, ciki ɗanye ne. Kada a rufe shi, kada komai ya taɓa fuskarsa, sai bayan Sallarku. Amana na ba ka." Na ce na karɓa.

Mahaifiyata, Inna Gumsu, tana ciki tana suyar ƙosai a lokacin. Da ta fito da kunu ta ce, "Ɗan kurmi, kai da ba ka azumi ka fi kowa sanin lokacin shan ruwa." Ya shanye kwanonsa ya leƙa nawa.

Asabar, 16 ga Mayu, hantsi

Na yi sallar asuba na zauna gaban kurmin har na makara buɗe shago. Zafin nan na bazara, ga azumi, amma in na dube shi sai in ji kamar zauren ya yi sanyi. Ɗinkin Sallah ya fara taruwa. Kowa ya kawo yadi sai ya ce nasa za a fara.

Asabar, gab da magariba

Akwai hayaniya daga wajen Sabon Gari tun la'asar. Na ɗauka 'yan ƙwallo ne. Ba su ba ne, rikici ne ya ɓarke. Mun rufe shaguna, kowa ya kama hanyar gida ba ya duban kowa.

Lahadi, 17 ga Mayu, azahar

Hayaƙi. Ba na girki ba.

Lahadi, bayan la'asar

Maje maƙwabcina ya shigo zaure ba sallama. Tare muka yi wasan ƙasa da Maje, amma yau sai da na sake dubansa kafin na gane shi. Abin da ke hannunsa ba zan rubuta ba. Ya tsaya gaban hoton ya ce, "Wannan na wane ne?" Na ce ajiya ce. Ya ce, "Na san aikin hannun nan. Hambali, ka san irin ranar da ake ciki kuwa?" Na ce na san azumi ake yi, in shi ya manta. Ya dube ni, ya fita.

Daga baya na ɗauki katakon ta gefe-gefe na shigar da shi cikin gida, ɗakin Inna, inda namiji baƙo ba ya shiga. Na juya fuskarsa bango, na bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bangon. Na ce, "Inna, kada kowa ya gan shi." Ta ce ta ji.

Allah ya sa Hajo matata tana wankan jego a gidansu cikin birni. Aƙalla ita da jaririn ba su jin abin da muke ji.

Litinin, 18 ga Mayu, hantsi

Yau ba zan rubuta komai ba.

Litinin, bayan shan ruwa

Na sha ruwa, ban taɓa abinci ba. Inna ta zuba kunu a kwanon da Nwabueze yake sha, ta rufe da faifai. Ta ce in gari ya lafa zai zo da yunwa. Baba Goni tun safe yake kan buzu, karatu yake yi da ƙarfi, ina jin don ya danne ƙarar waje ne.

Talata, 19 ga Mayu, azahar

Shiru. An ja waya mai ƙaya tsakaninmu da Sabon Gari, sojoji suna tsaye a bakinta. Hanyar da nake bi in je aron kananzir wurin Nwabueze, yau sai da takarda. An ce kowa ya shige gida kafin duhu.

Bai zo ba. Ta ina ma zai zo.

Laraba, 20 ga Mayu, bayan la'asar

An ce duk wanda ba a ga ɗan'uwansa ba ya je asibiti ya duba. Na je. Mai gadi ya ce wa nake nema, na ce ɗan'uwana. Ya dubi hulata, ya dubi ɓangaren 'yan kudu da na nufa, ya matsa mini na wuce.

Na duba cikin masu kwance a gado, ba ya nan. Aka nuna mini wani ɗaki a baya.

Na dawo da ƙafa. Rana ta yi zafi ƙwarai yau.

Alhamis, 21 ga Mayu, hantsi

Na buɗe shago. Na ɗinka hannun riga a baibai, na farke, na sake ɗinka shi a baibai. Mai rigar ya ce ko azumi ne ya kama ni. Na ce shi ne.

Koren fentin nan ba ya fita daga ƙarƙashin farce. Na sha yi wa Nwabueze tsiya a kan haka, in ce hannunsa kamar na mai tsinkar zogale. Ya ce ko da kananzir ba ya fita, da shi za a san shi ko'ina. Gaskiya ya faɗa.

Alhamis, bayan shan ruwa

Inna ta sake zuba kunun. Bai zo ba.

Juma'a, 22 ga Mayu, bayan masallaci

Liman ya yi wa'azi a kan haƙƙin maƙwabci. Maje yana sahun gabana, kansa a sunkuye, ya yi aski. Da aka sallame ya miƙo mini hannu. Na ba shi nawa, don a masallaci muke.

Abu ɗaya ya rage mini in yi: in kai wa Obiageli hotonta yadda mijinta ya bar shi, ko ɗigo bai goge ba. Ba ta ma san da shi ba. In na yi wannan, wataƙila in iya barci. Kullum sai na leƙa ta tsakaninsa da bango na tabbata ko yanar gizo ba ta taɓa shi ba. Warin fentin ya cika ɗakin Inna, ba ta yi ƙorafi ba.

Asabar, 23 ga Mayu, bayan la'asar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina shago aka ce 'yan doka suna bin gidajen unguwarmu suna neman kayan da aka kwaso daga Sabon Gari. Duk abin da suka ga bai yi kama da na gidan ba sai su jefa a mota, su haɗa da mai gidan. Na bar keke a buɗe na sheƙo. Ko da na iso sun wuce.

Na sami Inna zaune a kan gadonta tana jan carbi, fuskarta fal murna. Gadon ya ƙara tudu. Ta ce, "Kwantar da hankalinka, ajiyarka tana nan." Da ta ji su a gidan su Maje, sai ta buɗe akwatinta ta ɗauko likkafaninta, farin alawayyon nan da Baba Goni ya jiƙo mata da ruwan Zamzam shekarar da ya sauke farali, wanda ko ni ba ta bari in taɓa. Ta naɗe katakon da shi tsaf, ta ɗaure tamau, ta kwantar a kan gado, ta shimfiɗa tabarma, ta hau ta zauna. Da suka ɗaga labule suka ce mene ne wannan fari, ta ce, "Likkafanina ne, 'ya'yana. Ku buɗe in kuna so." Babbansu ya ce Allah ya ba da haƙuri, Inna, suka juya.

Tana ba ni labari tana dariya. Na ce ta sauka. Na ɗaga tabarmar, na kwance ƙullin, na kama gefen alawayyon na ja a hankali. Ya ƙi tasowa. Ya manne da fentin tun daga sama har ƙasa, a inda ta zauna kuwa har kore ya fara fitowa ta bayan farin.

Na yi wa mahaifiyata tsawa. Tun da aka haife ni ban taɓa ba. Na ce ta kashe shi, ta gama da shi, wa ya sa ta? Na faɗi wasu maganganun da ba na hoton ba ne. Ta tsaya tana dubana, carbin yana lilo a hannunta, ta ce, "Cewa ka yi kada kowa ya gan shi. Ba ka ce kada a rufe shi ba."

Haka ne. Abin da na ce ke nan. A gidanmu abu mai daraja rufe shi ake yi: Alƙur'ani a gafaka, goro a ganye, amarya a mayafi. Ta ba shi mafi tsadar abin da ta mallaka.

Lahadi, 24 ga Mayu, bayan asuba

Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na nemi gafara. Ta ce ta yafe tun jiya. Amma ba ta dube ni ba, kuma yau ba ta yi mini tsiyar komai ba. Na fi son tsawarta da wannan.

Talata, 26 ga Mayu, azahar

Na gwada kananzir a kusurwa ɗaya, da auduga, kaɗan-kaɗan. Yadin ya saki, amma abin da ke ƙarƙashinsa ya narke ya zama ruwan kwata. Ganyen da ke wurin ya tafi. Na tsaya. Na mayar da katakon jikin bango da likkafaninsa, tsaye, kamar mutum yana jira.

Laraba, 27 ga Mayu, bayan shan ruwa

Kunu. Faifai. Bai zo ba.

Asabar, 30 ga Mayu, bayan la'asar

An fara barin mutane su ƙetare da rana. Na shiga Sabon Gari. Ban ɗaga kaina sosai ba. Kasuwa tana ci, amma rumfuna da yawa babu rufi, kuma ba wanda ya kira ni in zo in ga yadi kamar da.

Ɗakin su Nwabueze ba ƙyaure. Gwangwanayen fenti a tsakar gida, sun kife sun bushe, ja ya bi kore ya gangara kwata. Boniface, maƙwabcinsu mai aikin jirgin ƙasa, yana zaune a bakin ƙofarsa. Mun sha cin gyaɗa tare da shi a wurin nan. Na yi masa sannu, bai amsa ba. Ya ce, "Me ka zo nema?"

Na ce Obiageli. Ya ce tana harabar coci tare da sauran matan, tana jiran samun wuri a jirgi ta tafi gida. Na ce akwai amanar mijinta a hannuna. Ya ce, "Ina take?"

Ya dubi hannuwana, ba komai a cikinsu. Ya yi wata irin dariya ya ce, "Kowa a Fagge yanzu ajiya yake yi mana."

Na bi ta gaban cocin. Na ga mata a inuwar bango da ƙullin kaya. Ban shiga ba. Me zan ce mata? Mijinki ya yi miki kurmi, mu kuma mun zauna a kai?

Litinin, 1 ga Yuni, hantsi

Ɗinki ya yi mini yawa, kuma na gode Allah da hakan. Ƙarar keke tana hana tunani.

Alhamis, 4 ga Yuni, bayan la'asar

An yi ruwa mai ƙarfi. Itacen bedin da ke ƙofar gida ya wanku ya yi kore, na tsaya ina kallonsa, na ga har da shunayya a jikinsa wajen inuwa. Da ban taɓa lura ba. Mutumin nan ya ɓata mini ido, yanzu ko'ina na duba sai in ga fentinsa.

Ina kewarsa. Na rubuta, ga shi nan. Ina kewarsa ƙwarai.

Asabar, 6 ga Yuni, bayan azahar

Na kai wa Baba Goni maganar. Na ce ko in bari ta tafi ba ta sani ba, tunda ba ta taɓa sanin da hoton ba, kada in ƙara mata wani baƙin cikin. Ya rufe littafinsa ya ce, "Ita kake tausayi ko kunyarka kake gudu?" Ya ce, "Ba naka ba ne, balle ka yanke masa hukunci. Ka mayar mata da abinta yadda yake, ka faɗi yadda aka yi. In ta zage ka, ka tsaya ka ji."

Na koma wurin Boniface. Na gaya masa komai, har da likkafanin. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya ce zai faɗa mata, amma kada in sa rai za ta taka Fagge. Na ce in ta fi so in kawo, zan ɗauko a ka. Ya ce in bari tukuna.

Litinin, 8 ga Yuni, magariba

Ba ta zo ba.

Laraba, 10 ga Yuni, magariba

Ba ta zo ba, ba ta aiko ba. Jirgin kudu ya tashi yau, na ji kukansa daga shago, allura ta shige mini yatsa.

Asabar, 13 ga Yuni, ranar Sallah, bayan saukowa daga idi

Kowa ya sa rigar da na ɗinka, ni na sa ta bara. Inna ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe. Na ga ta ɗauko kwanon nan, ta wanke, ta goge, ta kife shi a saman akwati. Ba ta zuba komai ba.

Na ce, "Inna, yau ba za a ajiye masa ba?"

Ta ce, "Hambali, ni na haife ka. Tun ranar Larabar da ka dawo daga asibiti ka wuce ni ba gaisuwa na sani. Ina zubawa ne don na ga ba ka shirya faɗa ba. Azumi ya wuce, ɗana. Faɗi."

Na faɗa mata. Bari in faɗa wa littafin nan ma, tunda shi ma na yi ta ɓoye masa. Nwabueze ya mutu. An kashe shi ranar Litinin ɗin da na ƙi rubuta komai, a hanya, tsakanin gareji da gida. Ban gane fuskarsa ba, hannunsa na gane.

Yau ce ranar da ya ce fentin zai bushe.

Litinin, 15 ga Yuni, bayan la'asar

Ta zo.

Da hantsi Boniface ya yi sallama a zaure, tana bayansa cikin baƙaƙen kaya, an aske mata kai, ta rame har na kusa kasa gane ta. Boniface ya zauna wurin Baba Goni, ni na shigar da ita ɗakin Inna. Inna ta kama hannunta biyu ta zaunar da ita a bakin gado, ta ce, "Sannu, 'yata. Sannu. Ya haƙuri?" Obiageli ta ce, "Mama," ba ta ƙara ba.

Na faɗi abin da na shirya faɗa, duk ya fito a hargitse. Na ce shi ya yi mata, ya ce kada a rufe, ni ban gaya wa Inna ba, laifina ne. Inna ta ce a'a, ita ta zauna a kai. Muka shiga jayayyar laifi a gaban baƙuwa. Obiageli ba ta sauraronmu, farin nan take kallo, da koren da ya ɓullo ta bayansa.

Ta ce, "A buɗe."

Na ce in an ja zai ɓaci. Ta ce, "Malam Hambali, me ya rage da bai ɓaci ba? A buɗe in gani."

Muka kwantar da katakon a tsakar gida. Ta kama kusurwa ɗaya, Inna ta kama ɗaya, ni na danne katakon. Suka ja a hankali. Yana tasowa yana ƙara kamar ana yage sabon yadi. Na rufe idona, sai da na ji Inna ta yi salati na buɗe.

Kurmin ya rabu biyu. A kan katakon ya yi fari-fari, saƙar yadin ta zauna masa ko'ina, kamar ana hangensa ta cikin ruwan sama. Amma saman fentin, mai kaurin nan, mai hasken nan, duk ya bi likkafanin. Suka shimfiɗa shi a kan igiyar shanya. Ga koren albasa, ga jan itacen, ga hanyar. Inda Inna ta zauna ya fi ko'ina fitowa.

Obiageli ta daɗe a tsaye. Ta dubi katakon, ta dubi yadin, ta sake duban katakon. Ta nuna da yatsa, ba ta taɓa ba, ta ce wannan itacen a gindinsa ake ajiye tulu, nan kuma mahaifiyarsa ta tsaya ranar da suka taho. Sannan ta ce, "A katakon rafi yana hagu. Haka yake in za ka bar gari." Ta juya ga yadin. "A nan ya koma dama."

Na ce eh, juyewa ya yi, haka abu yake in ya manne ya taso, ta yi haƙuri.

Ta ce, "Haka yake in kana komawa gida."

Daga nan ta zauna a ƙasa ta yi kukan da na tabbata tun ranar take riƙe da shi. Inna ta zauna kusa da ita. Ni na shiga zaure. Boniface da Baba Goni suna zaune, kowa yana kallon tabarma.

Da aka kira ni na koma, ta share fuska. Ta ce an binne shi tare da wasu, ba ta ga gawarsa ba, ba a sa masa ko ƙyalle nata ba. A garinsu in mutum ya mutu a nesa, dole a kai wani abu nasa gida a sa a ƙasa, in ba haka ba mahaifiyarsa ba za ta yarda ya kwanta ba. Ta duba ɗakinsu ba ta sami ko rigarsa ba. Katako ba zai shiga jirgi ba, mutane ma da ƙyar suke samun wurin tsayawa. Ta dubi Inna, ta kasa ƙarasawa, don Boniface ya gaya mata ko yadin mene ne.

Inna ta tashi ta sauke shi daga igiya da kanta. Na ce, "Inna, na Zamzam ne fa." Ta ce, "Na sani, ni na ajiye shi. Ɗana tela ne, in ya bar ni na tafi ba sutura shi za a zaga." Ta ninke shi, fentin a ciki, irin ninkin da take yi masa duk shekara in ta fito da shi shan iska, ta ɗora a hannun Obiageli. Ta ce, "An yi shi don ya raka mutum gida ne. Ki gai da mahaifiyarsa, ki ce wata tsohuwa a Fagge ta ba shi kunu."

Baba Goni yana bakin ƙofa, ya ji duka. Shi ya ɗauko ruwan nan tun daga Makka. Na jira ya yi magana. Ya ce Allah ya kai ta lafiya.

Katakon ta ce in riƙe.

Laraba, 17 ga Yuni, hantsi

Na mayar da katakon zaure, inda ya jingine shi da hannunsa. Jiya na je Kantin Kwari na yanko wa Inna sabon alawayyo, ta juya shi ta ce bai kai wancan ba, ta sa a akwati.

Jirgin kudu ya tashi ɗazu, Boniface ya samar mata wuri. Na tsayar da keke har kukansa ya ɓace. Nwabueze ya tafi gida cikin likkafanin mahaifiyata.